Da Wane Mudu Za Mu Auna Makarantunmu na Sakandare?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Talatar Mafara ya san ba a cinikin hatsi da ka. Mai saye yakan tsuguna gaban ma'auni, ya ɗauki tiyar ya juya ta, ya duba ko an bubbuge gindinta ya shige ciki, kafin ya yarda a fara awo. Ya san cewa in mudu ya yi ƙarya, to, duk lissafin da ya biyo baya ƙarya ne, kome yawan buhunan da aka ƙirga. Abin mamaki, wannan hattara da muke yi a kan tiyar gero ba mu cika yin ta a kan abin da ya fi gero tsada ba, wato shekaru shida da 'ya'yanmu ke shafewa a makarantar sakandare.

A kowace shekara nakan karɓi sababbin ɗalibai a ɗakin gwaje-gwajen ilmin halittu, kuma aikin farko da nakan ba su shi ne su ɓare fatar albasa, su ɗiga mata aidin, su duba ƙwayoyin halittarta a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Wata shekara na ga wani ɗalibi da ya zo mana da sakamakon A1 a wannan darasi ya yi tsaye yana kallon na'urar. Da na tambaye shi, sai ya kawo mini sunayen sassanta ɗaya bayan ɗaya ba kuskure, amma ya ce bai taɓa ganinta ba sai a zane. A gefensa akwai wata ɗaliba mai C5 daga wata makarantar ƙauye, wadda ta riga ta daidaita haske har ta fara zana abin da ta gani. Makarantarsu madubi ɗaya tak gare ta, amma malaminsu yakan sa su bi layi kowa ya leƙa. Da shekara ta ƙare, ita ce a gaba.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, wace makaranta ce ta fi shirya ɗalibinta? Takardar sakamako ta ce ta farko, ɗakin gwaje-gwaje ya ce ta biyu. Wannan maƙala za ta duba yadda masana ke auna ƙoƙarin makaranta, da kurakuran da akan faɗa ciki, tare da kawo misalai daga yankin Talatar Mafara da Bakura da Maradun a Jihar Zamfara.

Mudun da muka gada

Ma'aunin da aka fi sani a ƙasar nan shi ne jarrabawar kammala sakandare. An kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, a shekarar 1952. Hukumar JAMB mai kula da shiga manyan makarantu ta soma aiki a 1978. An kafa NABTEB domin jarrabawar sana'o'i da kasuwanci a 1992, sannan NECO ta zo a 1999, ta kuma shirya jarrabawarta ta farko ta 'yan ajin ƙarshe a shekarar 2000. WAEC da NECO suna jera sakamako daga A1 zuwa F9, kuma daga C6 zuwa sama shi ake kira kiredit. Ɗalibin da ke son karanta wani fannin kimiyya a jami'a yana bukatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. Bayan haka sai ya zauna jarrabawar JAMB mai darussa huɗu da maki 400, wadda tun daga 2015 da kwamfuta ake yin ta.

Daga nan ne aka sami mudun da kowa ke ɗauka: kashi nawa cikin ɗari na ɗaliban makaranta suka sami kiredit biyar? Da wannan adadi shugaban makaranta ke alfahari, da shi jaridu ke jera jihohi daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, da shi kuma iyaye ke zaɓa wa 'ya'yansu makaranta. Babu shakka adadin yana da amfani, domin jarrabawa ɗaya ce ake yi wa ɗan Maradun da ɗan Ikko, kuma ba malaminsu ke gyara takardunsu ba. Sai dai masanin kimiyya ba ya karɓar wani ma'auni sai ya yi masa tambayoyi biyu.

Sharuɗɗan ma'auni nagari

Tambaya ta farko ita ce ta daidaito: in aka maimaita awo, za a sake samun amsa ɗaya? Sikelin da ya ce buhu kilo 100 ne da safe, ya ce kilo 85 ne da yamma, ba abin dogara ba ne. A nan ƙananan makarantu ke shan wahala. Mu ƙaddara wata makarantar jeka-ka-dawo tana da ɗalibai 20 a ajin ƙarshe. Kowane ɗalibi ɗaya yana ɗauke da kashi 5 cikin 100 na sakamakon makarantar. In zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da uku daga cikin haziƙanta a makon jarrabawar Lissafi, sakamakon zai faɗi da kashi 15, alhali malaman ba su canza kome ba. Baɗi kuma in an yi dace sai a ga ya tashi, a ce an yi gyara. Saboda haka masana ƙididdiga ba su yanke hukunci da shekara ɗaya. Sukan haɗa na shekara uku a jere su ɗauki matsakaici.

Tambaya ta biyu ita ce ta inganci: shin abin da muke aunawa shi ne abin da muke son sani? Za ka iya auna tsawon karan dawa daidai da daidai, amma in nauyin zangarniya kake son sani, ka yi aikin banza. Jarrabawar ilmin halittu tana da ɓangaren aikin hannu, kuma akan aika wa makarantu jerin abubuwan da za su tanada kafin ranar. A makarantar kirki wannan dama ce ta gwaji. A wata makarantar kuwa sai a rubuta siffofin abubuwan a allo, ɗalibai su haddace. Duka biyu za su iya samun maki ɗaya, amma ɗaya ya iya lura da kwatantawa, ɗaya kuwa hadda ya iya. Jami'a da wurin aiki na farkon suke nema.

Wani bincike da Elaine Allensworth da Kallie Clark suka buga a 2020 a kan ɗaliban makarantun gwamnati na birnin Shikago a Amurka ya ƙara haske a nan. Sun gano cewa matsakaicin makin da ɗalibi ya tara a aji cikin shekarunsa na sakandare ya fi makin babbar jarrabawar shiga jami'a nuna ko zai kammala digirinsa. Dalilin ba boyayye ba ne. Makin aji yana ɗauke da labarin zuwa makaranta kullum, da yin aikin gida, da juriya a kan darasi mai wuya, waɗanda jarrabawar awa biyu ba ta iya kamawa. Wannan ya nuna cewa makin auna fahimta da malamanmu ke tarawa zango-zango abu ne mai daraja, muddin an tara shi da gaskiya.

Iri nawa aka shuka?

A ilmin halittu, in muna son sanin yadda wata shuka ke rayuwa, ba mu zuwa gona ranar girbi mu ƙirga abin da ya tsaya kawai. Mukan fara daga ranar shuka: iri nawa aka binne, nawa suka tsiro, nawa suka kai fure, nawa suka yi 'ya'ya. Jadawalin da ke nuna haka muna kiransa jadawalin rayuwa. Manomin da ya shuka rami 200, 60 suka rayu, ba zai ce ya yi noman kirki ba don kawai 45 daga cikin 60 ɗin sun yi zangarniya mai kyau.

Bari mu ƙaddara makarantu biyu, kowace ta ɗauki yara 200 a ajin farko na ƙaramar sakandare. A ta farko, 60 ne suka kai ajin ƙarshe, 45 suka sami kiredit biyar. Za a buga cewa ta ci kashi 75 cikin 100. A ta biyu, 150 suka kai ajin ƙarshe, 75 suka sami kiredit biyar, wato kashi 50. Da mudun da muka saba, ta farko ta yi zarra. Amma in muka koma ranar shuka, ta farko ta kai kashi 22.5 ne kawai na yaran da aka damƙa mata, ta biyu kuwa kashi 37.5. Wadda aka yi wa dariya ita ce ta fi yi wa garinta aiki. Har ma akwai makarantun da kan hana raunanan ɗalibai rajistar jarrabawa domin adadin ya yi kyau, kamar manomin da ya tuge kumamar shuka kafin malamin gona ya zo duba gonarsa.

Mutanen wannan yanki sun san wannan darasi ta wata hanya. An kammala madatsar ruwa ta Bakalori a kan Kogin Sakkwato a 1978, tafkinta na iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, kuma an tsara ta shayar da kadada 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Wanda ya tsaya a cikin filin aikin ya ƙirga buhunan shinkafa da alkama zai ga riba. Amma binciken da masanin labarin ƙasa William Adams ya yi a shekarun 1980 ya nuna cewa a fadamun da ke ƙasa da madatsar, inda ambaliyar shekara-shekara ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi sun ja baya. Lissafin da bai haɗa da waɗanda ke wajen shinge ba, rabin lissafi ne. Haka yake a makaranta.

A Zamfara kuwa, abin da ke fitar da yaro daga aji ba ƙaramin abu ba ne. Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata daga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Jangebe a ƙaramar hukumar Talatar Mafara, aka sako 279 ran 2 ga Maris. A watan Agusta na shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura. Ran 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, abin da ya sa gwamnati ta rufe makarantun jihar na watanni. A 2022 hukumar WAEC ta bayyana cewa Zamfara ba ta gabatar da ɗaliban makarantun gwamnati a jarrabawar shekarar ba. An kuma yi shekarun da aka riƙe sakamakon ɗalibai saboda bashin kuɗin jarrabawa, kafin gwamnatin Dauda Lawal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Nuwamba 2023, ta kuma biya basussukan.

Me wannan ke nufi ga mai awo? Yarinyar da iyayenta suka tsorata suka cire ta daga makarantar kwana ba ta faɗi jarrabawa ba, ba ta kuma ci ba. Ta ɓace ne daga jadawali. In adadin wata shekara ya fito ne daga makarantun kuɗi kaɗai, to, ba hoton jihar ba ne. Masanin kimiyya yakan ji tsoron gurbin da ba a cike ba fiye da adadi maras daɗi, domin adadi maras daɗi yana kiran gyara, gurbi kuwa shiru yake yi.

Ƙasa ce ko taki?

Ko da mun ƙirga kowa tun daga ranar shuka, da sauran rina a kaba. In fangalin shinkafa ɗaya ya ba da amfani fiye da ɗan'uwansa, ba za mu ce takin da aka zuba ne ya jawo ba sai mun tabbata ƙasar da irin da ruwan iri ɗaya ne. Fangalin da ke bakin babbar hanyar ruwa zai fi na can ƙarshen layi ko da ba a sa masa kome ba. Saboda haka mai gwaji yakan auna ƙasa tun kafin shuka, ya kuma bar wani fangali ba taki domin kwatance.

A 1966 masanin zamantakewa James Coleman ya jagoranci wani babban bincike a makarantun Amurka, wanda ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito yana da tasiri mai girma a kan makinsa. Makarantar da ke tace 'ya'yan ma'aikata waɗanda suka iya karatu tun daga firamare za ta yi sakamako mai kyau ko da koyarwarta matsakaiciya ce. Makarantar da ke karɓar yaron da ya gama aji shida bai iya haɗa baƙi ba, ta kai shi ga C6, ta yi aikin da ya fi na waccan, amma ba mai yaba mata.

Domin warware wannan aka ƙirƙiro awon ƙarin da makaranta ta yi. Wanda ya shahara da shi, William Sanders, masanin ƙididdiga ne da ya fito daga fannin aikin gona, kuma Jihar Tenesi ta Amurka ta fara aiki da tsarinsa a farkon shekarun 1990. A Ingila, tun daga 2016 aka shigo da wani ma'auni mai kwatanta sakamakon ɗalibi a darussa takwas yana ɗan shekara 16 da makin da ya samu a ƙarshen firamare. Hikimar ɗaya ce: kada a tambayi inda ɗalibi ya tsaya kawai, a tambayi daga ina ya taso.

Mu ma muna da kayan aikin. Kowane ɗalibi yana zauna jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a aji uku. In malamin Lissafi a Bakura ya raba sababbin ɗalibansa na babbar sakandare gida uku bisa wannan sakamako, wato na sama da na tsakiya da na ƙasa, bayan shekara uku ya duba nawa ne a kowane rukuni suka sami kiredit, to, ya sami abin da zai kwatanta da na takwaransa a Maradun cikin adalci. Aikin bai wuce littafin rajista da biro ba.

In mudu ya zama ubangida

Akwai wani haɗari da ya kamata malamai da hukumomi su kiyaye. A shekarun 1970 masanin halayyar ɗan Adam Donald Campbell ya lura cewa duk lokacin da aka ɗora wa wani adadi nauyin yanke hukunci a kan mutane, to, mutane za su fara lanƙwasa adadin, har ya daina nuna abin da aka ƙirƙire shi dominsa. In ƙarin girman shugaban makaranta ya rataya a kan yawan kiredit, sai a daina koyar da abin da ba ya fitowa a jarrabawa, a rufe ɗakin gwaje-gwaje, a koma bitar tsofaffin tambayoyi. In abin ya ƙazanta sai a kai ga satar amsa, da cibiyoyin nan da ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo. Wannan cuta ba tamu ce mu kaɗai ba. A birnin Atlanta na Amurka, kotu ta sami malamai da jami'an ilmi 11 da laifi a 2015 saboda gyara amsoshin ɗalibai.

Uwar da yaronta ke zazzaɓi, in ta tsoma ma'aunin zafin jiki a ruwan randa kafin ta nuna wa likita, adadi zai yi kyau amma yaron bai warke ba. Wanda ke biyan kuɗin wannan dabara shi ne ɗalibin, ranar da ya zauna gaban kwamfutar JAMB shi kaɗai, ko ranar da jami'a ta sallame shi a ƙarshen shekarar farko. Maganin ba shi ne a jefar da awo ba. Maganin shi ne a yi amfani da ma'aunai da dama, kuma a riƙe su a matsayin fitilar gano inda ke bukatar gyara, kada su zama bulala.

Ina suka je?

Hausawa na cewa ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Tun da manufar sakandare ita ce shirya yaro ga ƙarin karatu ko sana'a, ma'aunin da ya fi kowane kusa da gaskiya shi ne bin sawun waɗanda suka kammala. Masu nazarin tsuntsaye sukan ɗaura wa tsuntsu zobe a ƙafa su sake shi, domin in an sake kama shi a wata ƙasa a san hanyar da ya bi. Makaranta ma tana iya yin kwatankwacin haka: ta rubuta sunan kowane ɗalibi mai fita da hanyar samunsa, bayan shekara ɗaya da kuma bayan shekara uku ta tambaya yana ina, yana me.

Hanyoyin a buɗe suke a jihar. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, wadda aka kafa a 1992, tun kafin a yanke Zamfara daga Jihar Sakkwato a 1996. Akwai kwalejin aikin gona ta Bakura, da Kwalejin Ilmi ta Maru, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013. Samun gurbi kaɗai bai isa shaida ba. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, nawa ne suka tsallake shekarar farko ba tare da an kore su ko sun maimaita ba? A nan mu malaman manyan makarantu muke da laifi, domin muna da wannan bayani a cikin fayilolinmu amma ba mu mayar wa makarantun da suka turo mana ɗaliban.

Kada kuma a ɗauka wanda bai je jami'a ba ya faɗi. A 2011 aka shigo da darussan sana'a 34 cikin manhajar babbar sakandare, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta taƙaita su zuwa shida, ciki har da haɗa wutar hasken rana, da kiwo, da noman lambu, da gyaran waya da kwamfuta. Filin Bakalori, wanda aka yi wa gyara a ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, yana bukatar matasan da za su iya auna faɗin gona, su lissafa yawan taki, su karanta umarnin da ke jikin kwalbar maganin feshi, su gyara injin ban ruwa, su riƙe littafin kuɗin ƙungiyar masu amfani da ruwa. Wanda ya gama sakandare ya iya waɗannan, makarantarsa ta shirya shi, ko da bai taɓa taka ƙofar jami'a ba.

Ga wani gwaji da nake son malaman ilmin halittu na yankin su yi. Su tambayi ɗalibansu dalilin da ya sa yaran da ke wanka a hanyoyin ruwa kan yi fitsarin jini. Ɗalibin da aka shirya zai bayyana cewa tsargiya tsutsa ce ke kawo ta, ƙwanta na fita ta fitsari, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa ya hayayyafa, sannan ya fito ya huda fatar mai wanka. Daga nan zai iya nuna wuraren da za a katse wannan zagaye: shan magani, da hana fitsari a ruwa, da rage katantanwar. Wanda ya kai nan ya mayar da darasin littafi ilmin rayuwa, kuma irinsa jami'a da asibiti da gona ke nema.

Gangar Libig

A ƙarni na 19 masanan Jamus Carl Sprengel da Justus von Liebig suka bayyana cewa girman shuka yana tsayawa ne a kan sinadarin da ya fi ƙaranci a ƙasa, kome yawan sauran. Akan kwatanta wannan da gangar katako mai filanki dogaye da gajeru: ruwa ba zai wuce bakin mafi gajarta ba. Shirin ɗalibi ma haka yake. Wanda ya iya ilmin halittu amma ba ya fahimtar Turancin littafi, ko bai iya lissafin kashi cikin ɗari ba, ko bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, nan ruwansa zai tsiyaye. Amfanin awo shi ne gano gajeren filanki.

Saboda haka ina ba kowace makaranta shawarar ta riƙe littafi ɗaya mai amsa tambayoyi biyar a kowace shekara:

1. Daga cikin yaran da aka ɗauka a ajin farko, nawa suka kai ajin ƙarshe, maza nawa mata nawa, kuma me ya fitar da sauran?
2. Kwana nawa aka yi karatu a zahiri, bayan an cire ranakun da aka rufe makaranta ko malami bai shiga aji ba?
3. Nawa suka sami kiredit biyar, in aka kwatanta da matsayinsu na shigowa, kuma mene ne matsakaicin shekara uku?
4. Gwajin hannu nawa kowane ɗalibin kimiyya ya yi da kansa, kuma sau nawa ya zauna gaban kwamfuta?
5. Ina waɗanda suka fita bara da shekara uku baya suke, kuma me suka ce ya fi ba su wuya da suka je?

Kai ma ɗalibi kana iya auna kanka tun kafin a auna ka. Ɗauki shafi ɗaya na littafin kimiyya da ba a koya maka ba, ka karanta, ka rufe, ka bayyana wa ƙanenka da Hausa. Shuka ƙwayar wake 50 a kasko, ka ƙirga masu tsirowa kowace safiya har kwana goma, ka zana jadawali, ka fitar da kashi cikin ɗari. Zauna da tambayoyin wata shekara da ta wuce, ka sa agogo, ba littafi ba aboki. Duk inda ka cije, nan ne gajeren filankinka, kuma gara ka gano shi yau da sauran lokaci.

Kammalawa

Mun ga cewa yawan kiredit mudu ne mai amfani, amma ba ya ganin wanda ya fita kafin ranar jarrabawa, ba ya tambayar inda ɗalibi ya taso, yana iya lanƙwasuwa in an matsa masa, kuma ba ya bin sawun kowa bayan an raba takardu. A yanki irin na Mafara da Bakura da Maradun, inda malamin da ya riƙe ajinsa a shekarun tsoro ya yi jarunta, awo maras adalci zalunci ne ga malami, awo na ƙarya kuma zalunci ne ga ɗalibi. Hukumar ilmi da shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai duk suna da hannu a wannan aiki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Littafin tambayoyi biyar ɗin nan ba ya bukatar kwangila ko kasafin kuɗi. Shugaban makarantar da ya buɗe shi a wannan zango, bayan shekara uku zai san makarantarsa fiye da yadda kowane jerin sakamako zai gaya masa. Allah Ya ba mu ikon auna wa 'ya'yanmu da mudun gaskiya, amin.